Zanen da Aka Yi Don a Kankare

Yayana mai zane ne, ni kuma kafinta. Bango ɗaya ya raba shagunanmu, akwai ƙofa a tsakani wadda ba mu taɓa sa mata marfi ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan garin katakona yana faɗa masa cikin fenti, warin fentinsa yana bin rigata har gida, kowannenmu yana rantsuwa ɗan'uwansa ne ke cutarsa. Ni nake yanka masa allo, in goge da sanfefa, in yi masa firam. Saboda haka in na ce na san aikinsa, ba labari aka ba ni ba.

Abin da ya ci abinci da shi dai rubutun allon shago ne. A titinmu da na baya, daga mai aski har mai gyaran takalmi, babu allon da ba hannunsa ba ne. Almakashin da ya zana wa tela na kusurwa, har yau in na wuce sai na ji kamar in janye hannun rigata. Sai ga wasu samari sun kama shago a tsallaken titi, suka kawo kwamfuta da wani inji mai tsawon mota. Ka faɗi abin da kake so, kafin shayinka ya huce sun fitar maka da shi a kan leda, da hoton wasu mutane masu fararen haƙora da babu wanda ya san daga ina aka kwaso su. Masu ba Yaya aiki suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, gaisuwar ma ta koma ɗaga hannu daga nesa. Ni na fi shi jin haushi. Shi cewa ya yi a bar su, dama ya daɗe yana neman lokacin da zai yi nasa zanen, ga shi Allah ya kawo.

To, nasa zanen shi ne inda muke raba gari. Yaya yana da wata ɗabi'a da ta kusa sa mini hawan jini. In ya gama zane ba ya sa hannu. Sai ya juya fuskar allon ga bango, ya bar shi kwana bakwai, ba ya leƙawa, ba ya bari a leƙa. Ran na takwas da safe ya juyo shi, ya ja kujera ya zauna. Wai a lokacin idonsa ya manta wahalar da ya sha, zai ga zanen kamar na wani. In ya yi masa, ya sa hannu a ƙasa. In bai yi ba, ya ɗauko wata wuƙa mai faɗin baki ya kankare shi tas, daga kusurwar sama zuwa ƙasa, ya share allon da tsumma ya jingine. Cikin goma, takwas wuƙa ke cinyewa. Na sha cewa ya ba ni wanda ba ya so in rataya a falo, ya ce shi ba ya kyauta da abin kunya. Akwai firam-firam a saman durowata da suka tsufa ba su taɓa ganin zane ba.

Buri ɗaya na san yana da shi, sau ɗaya tak ya taɓa furta shi, shi ma zazzaɓi ne ya sassauta masa baki. A tsakiyar gari akwai zauren baje kolin zane, mai farin bango da fitilu a sama. Duk lokacin da aka buɗe sabon baje koli Yaya zai sa rigarsa ta fita, ya je ya tsaya a baya ya kalla, ya dawo. Abin da yake so shi ne kafin ya mutu ya ga zanensa guda ɗaya a wannan bango, da ɗan katin nan da ake mannawa a ƙasa ɗauke da sunansa. Har ya tanadi wanda za a rataya: titinmu ana ruwan sama, da masu laima, da hasken shaguna kwance a kan kwalta. Shekara uku ya yi a kansa. Sau biyar yana juya shi bango na kwana bakwai, ya juyo shi ya ƙara masa gyara, bai taɓa haɗuwa da wuƙa ba. Firam ɗinsa da katakon da nake ɓoyo na yi shi.

Sai Auta ta shigo maganar. Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, shekararta ashirin da bakwai, tana aiki a wani kamfani da ke shirya wa 'yan kasuwa bidiyon talla. Yarinya ce mai kai, kuma tana son ubanta, wannan ba zan hana ta ba. Wata Asabar ta biyo ta shago ta tarar ya juyo wani zane na mace mai sayar da lemo, bai yi masa ba, ya ɗauko wuƙa. Ta ciro waya ta ɗauka, ta ɗora masa wani kiɗa mai sanyi, ta watsa a intanet. Kafin Litinin mutum dubu ɗari huɗu sun kalla. Ta zo tana karanta mana abin da ake rubutawa a ƙasa. Wata daga wata ƙasa mai nisa ta ce ta yi kuka. Wani ya ce dattijon nan yana koya wa duniya cewa komai mai wucewa ne. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya ce ai hannun matar ne ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Auta ta yi ƙoƙari, na shaida. Ta ɗauki hotunan zanen da suka tsira, ta sa su ɗaya bayan ɗaya da bayani mai kyau. Mutum arba'in suka kalla, cikinsu har da ni sau uku. Ta sake sa na kankarewa, sai duniya ta sake tasowa. Suka laƙaba masa suna Baba Mai Wuƙa. Mutumin da ya yi shekara arba'in buroshi na hannunsa, da wuƙa aka san shi. Masu injin tsallaken titi da ba su taɓa gaishe shi ba suka zo suna son hoto da shi, wai ya riƙe wuƙar. Na ce da Auta wannan abin ba alheri ba ne, mutane ɓarna suke son gani, da ma haka ɗan Adam yake, in gida na ci da wuta ya fi tara jama'a a kan ranar da aka gina shi. Ta ce, "Baffa, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza." Na ce ni ban ga kiɗa ba, hayaniya na gani.

Bayan wata biyu wata mota ta tsaya ƙofar shago, wata mata mai manyan tabarau ta fito tana tsallake garin katako. Ita ce shugabar zauren nan mai farin bango. Yaya ya gane ta tun daga nesa, ya tashi yana share kujera da hannun riga. Mace ce mai ladabi, ta gaishe mu da kyau, ta sha ruwan da aka ba ta. Yaya ya jawo zanen ruwan sama ya tsayar a inda haske ke faɗowa. Ta dube shi, ta ce ya yi kyau, irin faɗar da ake yi wa jaririn maƙwabta. Daga nan ta tambaya ina wuƙar.

Ta yi mana dogon bayani. Wai yanzu fasaha ta bar kan allo, ta koma cikin abin da ke faruwa a gaban ido, da bidiyon da ke riƙe shi, da jama'ar da ke kallo daga ko'ina. Wai kankarewar Yaya magana ce a kan rashi da mantuwa. Yaya ya ce shi dai in zane bai yi kyau ba ne yake kankarewa. Ta yi dariya, ta ciro ɗan littafi ta rubuta maganar, wai za a sa ta a bango. Abin da take so shi ne ranar buɗe babban baje kolinsu ya zo ya kankare zane a gaban jama'a, a nuna kai tsaye a intanet. Yaya ya mayar da zanensa bango ya ce a'a.

Auta ce ta bi ta har mota. Kwana uku tana zirga-zirga, sai ga ta da takarda. Sun amince za a rataya zanen ruwan sama wata guda cur, a babban bango, da kati da suna. Shi kuma ya yi wani sabon zane na daban don wuƙa, a ɗauki bidiyon yin sa tun daga farko, a yi talla da shi, ranar buɗewa ya kankare. Gaskiya ni ma a lokacin na ga ciniki ya faɗa. Na ce masa ya sa hannu, ya shafa ko mene ne, ko kyanwa ce mai ƙafa biyar, tunda dai na yanka ne. Na ɗauko wani ragowar allo na bayan durowa, mai ɗan tabo a gefe, na miƙa masa. Ya sa hannu a takarda, Auta ma ta sa a madadin kamfaninsu, don su za su yi aikin bidiyon. Da na san abin da zai biyo baya da na fasa allon nan a gwiwata.

Auta ta kafa waya a kan sanda mai ƙafa uku a bayansa, ta koma wurin aikinta. Kwana huɗu ya yi yana zanen. Ban taɓa ganin ya yi aiki haka ba. Mutumin da ke yin rabin yini yana haɗa launin inuwa guda, ranar na ji shi yana fito. Ba ya aunawa, ba ya ja da baya ya runtse ido, shafawa kawai yake yi kamar mai fentin katanga. Da na tambaye shi me yake zanawa sai ya ce abin da ke gabansa, in yi aikina in bar shi. Ni kuwa ina da ƙofofin wata makaranta da zan haɗa, bayana na ba shi, ban ko waiwaya ba. Ran na huɗu da yamma Auta ta zo ta ɗauki hoton zanen ta aika wa zauren, shi kuma ya juya shi bango. Na ce wannan kuma na mene ne, akuyar da za a yanka ake wa wanka? Ya ce hannu ne ya saba.

Saura kwana biyu a buɗe baje koli kwana bakwai suka cika. Da safe ina cikin jan zarto na ji shagonsa shiru, shirun ya yi tsawo. Can ya kira ni, ba da ƙarfi ba.

"Kafinta, ajiye wannan ka zo."

Na leƙa ta ƙofar tsakani. Yana zaune a kujera, hannuwansa a kan gwiwa. A allon nan na bayan durowa akwai ƙofar da nake tsaye a cikinta, da bencin aikina, da wani mutum ya ba da baya ya sunkuya a kan katako, fensir a bayan kunne, hasken taga ya ratso garin katako ya sauka a wuyansa. Kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka, kan ya karkata kamar mai sauraron abin da katakon ke faɗi. Ni ya zana, rigata ce, bencina ne. Amma wanda na gani tsohonmu ne.

Mahaifinmu kafinta ne, bencinsa na gada. Ya rasu ina ɗan shekara goma sha tara, hotonsa ɗaya da muke da shi ruwan rufi ya ci shi tun kafin in yi aure. Yaya ya gwada zana fuskarsa da ka ya fi a ƙirga, duk wuƙa ta cinye, har ya haƙura. Ashe ba a fuska yake ba. Mu da muke yara bayansa muka fi gani, daga bakin ƙofa, muna jira ya juyo. Ban san na tsufa na ɗauko tsayuwarsa ba sai ranar. Na zauna a kan gwangwanin fenti, hawaye suka zubo mini, ban ji kunyar kowa ba.

Yaya cewa ya yi a duk rayuwarsa bai taɓa yin kamar wannan ba, kuma zanen ruwan sama in an ajiye shi kusa da shi aikin ɗalibi ne. Shekara uku yana lallaɓa wancan saboda tsoro, wannan kuwa da yake na yanka ne bai ji tsoron komai ba. Na so in yi masa musu don in kwantar masa da hankali, amma ido ba mudu ba ya san kima. Kuskuren kuwa namu ne mu duka: mun ba mutumin da bai iya aikin banza ba kwangilar aikin banza.

Muka kira Auta, muka tafi zauren mu uku. A ƙofa ma mun ci karo da zanen, an buga shi a leda ya fi ni tsawo, an rubuta rana da lokaci a daidai kan kafaɗar. Mai tabarau ta karɓe mu a ofis, ta saurara da kyau. Yaya ya roƙe ta a yi musanya: ya kankare na ruwan sama, na shekara uku, a rataya wannan. Ka ji mutumin da ya yarda ya yanka ɗansa na fari. Ta ce ta fahimta, amma babu wanda ya san na ruwan sama. Wannan shi aka yi talla da shi, shi mutum dubbai suka kalli haihuwarsa, shi suke jiran mutuwarsa. Ta ƙara da wata magana da har yau ban manta ba.

"Baba, ai kyansa shi ne aikin. In ba shi da kyau, wa zai ji zafi?"

Na ce mu za mu ji, kuma mu ba kallo muka zo ba. Ta ce in ya janye ba za ta iya tilasta shi ba, sai dai zanen biyu duk su koma gida, kuma dole ta yi magana da kamfanin su Auta, tunda su suka ɗauki alkawari. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba. Da ta yi faɗa da na fi jin daɗi, da na san inda zan kama.

A hanyar dawowa na zazzage abin da ke cikina. Na ce mu kulle shago mu kai zanen gidana, wanda ya isa ya zo ya ɗauka. Auta tana kuka tana cewa a bar aikin nata ya tafi, ita ta jawo. Na ce ya sake yin wani irinsa cikin kwana biyun a kankare wancan, ya ce hannunsa ba inji ba ne. Da na ji ya ambaci inji sai dabara ta faɗo mini: mu tsallaka titi wurin samarin nan, su buga mana shi a leda, mu manna a allo, ya ɗan shafa fenti a kai, wa zai gane daga cikin waya? Yaya ya dube ni irin kallon da yake mini tun ina yaro in na yi ƙarya, ya ce in ya yaudari mutanen da suka zo, to da wane ido zai kalli katin sunansa. Ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya sa hannu a takarda da kansa, kuma ba zai gina sunansa a kan abincin 'yarsa ba. Na ce masa taurin kai ne kawai, ya ce na ji.

Ranar buɗewa da la'asar zauren ya cika har waje. Na ga abubuwa iri-iri a ciki: wani ɗaki babu komai sai talabijin goma sha biyu suna nuna ido yana ƙiftawa, wani wurin kuma in ka ɗaga hannu sai launuka su bi ka a bango. Ban raina ba, wasu ma sun burge ni, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Zanen ruwan sama yana babban bango kamar yadda aka yi alkawari, fitila a kansa, firam ɗina yana sheƙi. Yaya ya je ya tsaya gaban ɗan katin, ya sa tabaransa ya karanta sunansa, ya cire tabarau ya mayar aljihu. Ina jira in ga murna a fuskarsa, ban gani ba. Jama'a kuwa duk sun ba wannan bangon baya, sun kewaye wani ɗan dandamali a tsakiya inda aka kafa ɗaya zanen, kowa ya ɗaga waya sama.

Aka kira shi da sunan Baba Mai Wuƙa, aka yi tafi. Ya hau, ya ɗauki wuƙar. Na ce kullum daga kusurwar sama yake farawa. Ranar bai yi haka ba. Kai tsaye ya sa bakin wuƙar a kafaɗar hagu ya ja ƙasa, don kada zuciyarsa ta sami inda za ta roƙe shi. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar wuƙa a kan katako. Wata mata kusa da ni tana sharar hawaye da hannu ɗaya, ɗayan hannun bai sauke waya ba. Na so in fizge wayar in tambaye ta uban wa take wa kuka. Minti shida aka yi. Da ya gama aka sake tafi, wani ma'aikaci sanye da safar hannu ya zo ya share ɓawon fentin cikin kwalba, aka ɗora ta a kan wani farin akwati, ita ma da katinta. Na fita waje na tsaya wurin masu gadin motoci har aka tashi.

An ce mutum miliyan biyu sun kalla. An rubuta labarinsa a jaridu, wasu zauruka biyu suka aiko suna son ya zo ya yi musu irinsa, ya ce Auta ta ba su haƙuri. Bayan wata guda aka dawo da zanen ruwan sama a nannaɗe da kyau, ya karɓa ya yi godiya, ya tura shi bayan kanta.

Daga nan ya shiga neman abin da ya ɓace. Ya sa na yanko masa allo daidai girman wancan, ya ce in tsaya a benci in yi aikina kamar kullum. To, ina kamar kullum? Tunda na san ana kallon kafaɗata sai ta zama ba tawa ba. In na sauke ta ya ce na yi yawa, in na ɗaga ya ce na zama soja. Muka yi faɗa, muka shirya, muka sake. Sau shida yana zanawa, sau shida yana kankarewa, ba ya ma jiran kwana bakwai. Hotunan zanen kuwa sun cika duniya, Auta ta buga masa mafi kyau a takarda mai sheƙi. Ya duba ya ce wannan ya nuna masa inda ya isa, bai nuna masa hanyar da ya bi ba. Shi bai san yadda ya yi ba, don bai tsaya ya lura ba, a zatonsa aikin banza yake yi.

Sai ya tuna da wayar da ta kwana huɗu a bayansa. Ya kira Auta ya ce ta kawo masa cikakken bidiyon, ba guntun da aka yi talla da shi ba, ko awa talatin ne zai zauna ya kalla, ya ga abin da hannunsa ya yi da ido. Ta zo bayan ta tashi aiki, ta zauna a bakin bencina, ta daɗe tana juya wayar a hannu. Sannan ta yi masa bayani a hankali. Babu wani cikakken bidiyo. Irin wannan ɗaukar, wayar ba ta kallo gaba ɗaya, hoto ɗaya take ɗauka ta rufe ido, sai bayan wani lokaci ta sake ɗaukar wani, a haɗa su su yi gudu. Haka ake yi don kwana huɗu su shiga cikin daƙiƙa hamsin, tunda babu mai haƙurin kallon fiye da haka. Abin da ke tsakanin hoto da hoto ba a goge shi ba, ba a taɓa ɗaukarsa ba.

Yaya ya ce ta ba shi abin da ke akwai. Yatsunsa duk busasshen fenti ne, fuskar wayar ba ta jin su, saboda haka ni na riƙe, ya ce in riƙa tsayarwa inda ya ce. Muka haɗa kai mu biyu a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Allo fari, sai duhu, sai ƙofa, sai benci, shi kansa yana ɓullowa yana ɓacewa kamar ƙuda. Ya ce tsaya. Na tsayar. Akwai kai, akwai baya, wurin kafaɗa babu komai sai launin ƙasa. Auta ta nuna mini yadda zan matsa gaba da hoto ɗaya tak. Na matsa. Ga kafaɗar nan a sauke, an gama ta, hannun Yaya har ya koma wajen taga.

"Koma baya," ya ce.

Na koma, babu kafaɗa. Na matsa, ga ta. Auta ta tashi ta fita ƙofar shago ta ba mu baya. Yaya ya gyara tabaransa, ya ƙara matso da fuska har numfashinsa na dusashe gilashin.

"Sake komawa, Kafinta. A hankali."